Mota Mai Ciwon Inji: Kada a Biya Kuɗi Sai An San Sunan Ciwon

Cinikin mota a Daura ya daɗe da komawa cikin waya. A da sai mutum ya taka ya je wurin dillalai, ko ya shiga motar haya zuwa Kano ko Katsina ya yini yana zagayen garejin masu sayarwa. Yanzu matashi yana kwance a ɗakinsa zai ga hoton mota a sitatus na WhatsApp, ko a Facebook, ko bidiyonta a TikTok an ɗora mata kiɗa. Fenti yana ƙyalli, kujeru tsaf, tayoyi an wanke su har suna sheƙi. Farashin kuma ya yi ƙasa da na 'yan uwanta da naira miliyan ɗaya ko fiye. Can a ƙarshen rubutun sai a ƙara 'yan kalmomi: "Akwai ɗan aiki kaɗan a inji."

Waɗannan 'yan kalmomi su ne cinikin gaba ɗaya. Wanda ya shekara uku yana tara kuɗin POS, ko na gyaran waya, ko ya sayar da bijiman da ya yi kiwo a kasuwar Mai'adua, yana iya zuba komai a kansu cikin minti biyar ta manhajar banki. Ra'ayin wannan rubutu a fili yake: mota mai matsalar inji ba ta cancanci a saye ta ba har sai an san sunan ciwon, an san kuɗin maganinsa, kuma wanda ya faɗi sunan ba ɗan gidan mai sayarwa ba ne. Wayar da ta kawo tallar za ta iya yin rabin wannan bincike. Sauran rabin aikin bakanike ne, kuma wanda ya rikita biyun zai ji a aljihunsa.

Abin da ya sa tayin yake da daɗin ji

Babu wanda zai zargi matashin da ya tsaya a kan irin wannan talla. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, kuma litar da farashinta na hukuma bai kai ₦200 ba ta haura ₦1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da take wajen ₦460 a hukumance ta wuce ₦1,500 a farkon 2024. Motocin Beljiyam da dala ake sayo su, harajin Kwastam ma da farashin dala ake lissafa shi. Sakamakon haka motar da ake kira ta talaka ta fi ƙarfin talaka, kowa ya koma kan wadda aka riga aka hau a gida Najeriya.

Ga kuma buƙata ta gaskiya. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Ɓaure. Mai kaya yana son kai su ƙauye, mai mara lafiya yana son isa Katsina cikin dare, tafiyar kusan kilomita 80, ɗalibai da ma'aikata sun ƙaru tun da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a garin. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, ba zai kai kowa ƙofar gidansa ba. Saboda haka son mota ba kwaɗayi ba ne. Tambayar ita ce wace mota, kuma da wane sani.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Duk mai sayen waya ta hannu a Farm Centre a Kano ya san bambancin wayar da gilashinta ya fashe da wadda injinta ya taɓu. Ta farko ana ganin ciwonta da ido, ana sanin kuɗin gyaranta kafin a biya. Ta biyu yau ta kama gobe ta ɗauke, mai gyara ya canza wannan ya canza wancan, a ƙarshe a sayar da ita a matsayin kayan gyara. Mota ma haka take, sai dai kuɗin ya ninka sau da yawa.

To ga tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa kafin ya yi wa dillali. Idan da gaske fulogi ne kawai, ko wata 'yar sansa, me ya hana mai motar ya kashe 'yan dubbai ya gyara, ya sayar da ita a cikakken farashi? Wanda ya yarda ya rage miliyan guda a kan gyaran dubu ashirin, ko dai yana cikin matsin da ba ya jira, ko kuma ya san abin da mai saye bai sani ba. Na farkon yana faruwa: asibiti, biki, bashi. Amma na biyun ya fi yawa a kowace kasuwa ta duniya. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan wannan a 1970, kuma kasuwar tsofaffin motoci ya ɗauka misali. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san halin kaya, mai saye bai sani ba, masu kaya na ƙwarai sukan janye, ruɓaɓɓun su cika kasuwa. Aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Maganin da ya rage wa mai saye shi ne ya rage wannan tazara ta sani, kuma a nan waya take shigowa.

'Yar na'urar da ke haɗa waya da ƙwaƙwalwar mota

Kusan duk motar zamani tana da kwamfuta da ke lura da inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Duk lokacin da ta ga abin da bai yi daidai ba, tana ajiye shi da wata lamba. Tsarin karanta waɗannan lambobi ana kiransa OBD-II. An wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun ƙirar 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu shan fetur, 2004 ga masu dizal. Soket ɗinsa mai ramuka 16 ne, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba.

Abin da ake buƙata shi ne 'yar sikana mai suna ELM327, wadda girmanta bai fi kwalin ashana biyu ba, kuma kuɗinta bai kai na cika tankin mota sau ɗaya ba. Ana soka ta a soket, a murɗa makulli, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan a buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya lura: tsofaffin masu Bluetooth na gama-gari ba sa haɗuwa da ita, sai ya nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iOS. Yawancin waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne na asalin da wani kamfanin Kanada ya ƙera, don haka a gwada ta a motar wani ɗan uwa kafin ranar ciniki. Manhajar kuma a sauke ta daga Play Store ko App Store, a rabu da fayil ɗin da aka turo a guruf, domin wayar da ke ɗauke da manhajar banki ba wurin gwaji ba ce.

Akwai iyaka tun daga nan, kuma ta shafi Daura kai tsaye. Golf 3 da ke jigilar fasinja a hanyoyin masarautar, da tsofaffin Peugeot 406 na kafin 2001, an ƙera su kafin dokar Turai ta fara aiki. Da yawansu ba sa amsa wa wannan 'yar sikana, sai na'urar da aka yi domin kamfaninsu. Idan manhaja ta kasa haɗuwa da irin wannan mota, hakan bai nuna lafiya ba, bai nuna ciwo ba.

Abin da za a duba a fuskar waya

Lambobin suna farawa da harafi. Waɗanda suka fara da P na inji da giya ne. P0300 tana nufin inji yana tsallake tashi a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna ainihin silindar da abin ya shafa. P0171 tana cewa iska ta yi yawa ko fetur ya yi kaɗan. P0420 ta matatar hayaƙi ce, wadda makanikai ke kira indomi, kuma a Najeriya sau da yawa ma'anarta an cire ta an sayar. P0016 tana nuna saɓani a taimin. P0217 tana cewa inji ya taɓa yin zafin da ya wuce ƙima. P0700 tana nuni zuwa giyabos.

Sai dai lamba alama ce kawai, kamar saƙon kuskure da manhaja ke nunawa idan ta tsaya. P0302 tana iya zama fulogi, tana iya zama koyil ko nozul, tana kuma iya zama silindar da ringinta ya cinye. Lamba ɗaya, amma tsakanin gyaran farko da na ƙarshe akwai tazarar kuɗin babur. Dillalin da ya kalli P0302 ya ce "ai fulogi ne, Alhaji" ya zaɓi fassarar da ta fi masa daɗi ne kawai.

Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne gano ko an goge su. Duk mai irin wannan sikana yana iya share komai da taɓawa ɗaya, cire kan batir ma yakan yi hakan a motoci da yawa. Amma gogewar tana barin sawu. Ƙwaƙwalwar mota tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma da zarar an share lambobi duk sai su koma matsayin ba a kammala ba, har sai an yi tafiye-tafiye da dama. Manhajar tana nuna wannan jeri. Motoci da yawa suna kuma faɗin kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Motar da aka ce kullum ana hawanta, amma ta nuna kilomita 6 tun da aka share ta, ta riga ta ba da labari. Ƙirar Amurka daga wajen 2010 zuwa sama tana ajiye wasu lambobi na dindindin da sikana ba ta iya gogewa, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara.

Sai zafin inji. Lafiyayyen inji yakan tsaya a wajen digiri 85 zuwa 100 da 'yan kai. Idan ana gudu a titi manhaja tana nuna 60 ko 70 ba ya ƙaruwa, akwai yiwuwar an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejin Arewa. Wasu suna yi don tsoron zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40. Wasu kuwa suna yi don ɓoye injin da ke tafasa. Ko wanne ne, injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai. Haka nan a duba adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa fetur na dogon lokaci: idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai abin bincike. Wutar caji kuma ta kasance wajen 13.5 zuwa 14.5 idan inji yana aiki.

Ladabi biyu: kada mai dubawa ya goge lambobin motar da ba tasa ba, kuma kada ya bar sikanar a soke bayan an gama, domin tana iya shanye batir, lambar sirrinta kuma yawanci 1234 ce ko 0000.

Abin da waya ba ta ji

Babban haɗari shi ne matashi ya ga manhaja ta nuna babu lamba ko ɗaya, ya ɗauka ya gama. Ciwukan da suka fi cin kuɗi su ne waɗanda ƙwaƙwalwar mota ta fi jahilta. Inji yana iya kasancewa daf da bugawa, karanshaf ya cinye, bai ajiye lamba ba. Yana iya shan baƙin mai lita guda duk mako, fuskar waya tana kore shar.

Waɗannan sai ido da kunne da hanci, kuma sai da sassafe. A nemi ganin motar kafin a tayar da ita, a ɗora hannu a kan bonet a tabbatar da sanyi. Mai sayarwar da kullum yake kawo mota da zafinta yana da dalili. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba: fitilar gargaɗin inji da ta baƙin mai dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an rufe ta. A sa wani ya tsaya a bayan salansa yana ɗaukar bidiyo. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwa yana shiga silinda, wato gaskit ko tof silinda. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. A buɗe murfin baƙin mai: idan an ga abu kamar madara ya manne, ruwa ya haɗu da mai. A zaro geji a taɓa: man da ya yi kauri fiye da ƙima wani lokaci an zuba shi ne don ya danne ƙara. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi sai inji yana da sanyi, domin ruwan zafi yana iya watso wa mutum a fuska. Idan ana ganin kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa bayan an tayar, wannan ma alamar gaskit ce.

Sannan gwajin da ya raba gardama: gwajin matsin silinda. Bakanike yana cire fulogi ya ɗaura geji a kowace silinda. Lafiyayyen inji lambobinsa suna kusa da juna. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, ciwon a ciki yake, kuma babu fulogin da zai warkar da shi. Aikin bai fi awa guda ba. Bayan haka a fita titi na gaske, hanyar Kazaure ko ta Mashi, a yi tafiyar rabin awa da esi a kunne, waya tana nuna zafin inji. Zagayen unguwa ɗaya ba gwaji ba ne.

Bakaniken kuma ya zama wanda mai saye ya kawo, shi ya biya shi kuɗin dubawa, kuma babu la'adarsa a cinikin. Wanda zai samu wani abu idan an saya ba zai ga aibi ba.

Wasu injina suna da tarihi

Minti goma na bincike a intanet kafin a je ganin mota yana nuna inda za a sa ido. Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, mai inji 2.4 da ake wa laƙabi da 2AZ-FE, ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin, har Toyota ta amsa matsalar ta tsawaita garanti a Amurka. A 2015 Hyundai ta janye Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ke iya toshe hanyar mai ya sa inji ya buga. Honda Accord ta 2003 da 2004, wadda ake kira EOD, mai silinda shida, an san ta da matsalar giyabos. Wannan bai sa kowace ɗaya daga cikinsu ta zama mara kyau ba. Amma wanda aka ce masa Muscle tana "ɗan rage mai kaɗan" ya kamata ya san me ake nufi.

Lambar shasi, wato VIN, ita ce IMEI ta mota. Haruffa da lambobi 17 ne tun 1981, kuma babu I, O ko Q a ciki. A kwatanta wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba, da ta takardu, da wadda sikana ta karanto daga ƙwaƙwalwa idan motar tana bayarwa. Ga motar da ta fito daga Amurka, shafin hukumar NHTSA yana fassara lambar kyauta tare da nuna ko an taɓa janye ƙirar, shafin NICB yana nuna ko an taɓa kai rahoton sata ko an yanke mata hukuncin lalacewa, Carfax kuma na kuɗi ne. Sau da yawa rubuta lambar a Google kawai yana fito da hotunan ranar da aka yi gwanjonta a Copart ko IAA, da yadda gabanta ya kasance kafin masu gyaran bodi su taɓa ta. A tuna kuma mitar motar Amurka da mil take ƙirga: mil 150,000 ya haura kilomita 240,000.

Takardu: makullin iCloud na mota

Wayar da aka kulle da iCloud komai kyanta ba ta da amfani. A Daura, takardar Kwastam ita ce wannan makulli. Garin yana kusa da iyakar Kwangwalam, hanyar Damagaram, kuma tun ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Motar da ta biyo ta daji ba a biya mata haraji ba tana iya yin shekaru tana yawo a cikin gari lafiya, ranar da aka nufi Kano da ita a tsayar da ita a shinge. Cewa a watan Maris na 2024 hukumar Kwastam ta buɗe wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su gyara takardunsu ya isa ya nuna yawansu. Wani lokaci arahar da aka jingina wa inji, ta takardu ce. A ɗauki lambar shasi da takardun a tabbatar da su a ofishin Kwastam, a duba lambar motar a shafin hukumar kiyaye haɗurra, a duba inshora a shafin NIID. Inshorar dole ta motar gida ta koma ₦15,000 tun Janairun 2023. Shafukan Facebook masu cewa suna sayar da motocin gwanjon Kwastam kuwa, hukumar ta sha gargaɗi cewa 'yan damfara ne.

Iyakar ta bar wani tabo a cikin injina ma. A watan Nuwamba na 2019 an hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya tura masu motoci da yawa a garuruwan bakin iyaka wurin 'yan bumburutu. Man jarka da ƙurar hunturu ba abokan famfon mai da nozul ba ne. Wannan ciwo ne mai sauƙi idan shi ne, amma sai gwaji ya tabbatar.

Lissafin da ya kamata a yi

Ciwon inji hawa uku ne. Na farko na waje: fulogi, koyil, sansa, nozul, famfon mai, tiyo da ya fashe. Idan bakanike ya tabbatar, matsin silinda kuma ya fito daidai, wannan ita ce arahar gaske, a saya. Mafi kyau ma a ce a gyara a gaban kowa kafin a biya, a cire kuɗin daga farashi. Na biyu na tsakiya: gaskit, tof silinda, sarƙar taimin. Kuɗinsa ba ya tabbata sai an kwance inji, kuma injin da ya taɓa tafasa yakan zo da 'yan rakiya. Wannan na wanda yake da rarar kuɗi ne da haƙuri. Na uku na ƙasa: ƙarar bugawa, shan baƙin mai, bulok da ya tsage. Irin wannan a yi mata kuɗi a matsayin mota mara inji, ko a bar ta.

A ƙaddara lafiyayyar irinta ₦5,000,000 ce, mai ciwon kuma ₦3,800,000. Tazarar ₦1,200,000. A ƙaddara bakanike ya ce sai an sauya inji, kuma inji da kuɗin aiki ₦1,000,000 ne. A ido an ci ribar ₦200,000. Amma injin sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, ko a yi odarsa daga Ladipo a Legas, shi ma tsoho ne da wani ya gama hawa, garantinsa sau da yawa 'yan kwanaki ne. Ga kuɗin ɗauko shi, ga janwe idan motar ta tsaya a hanya, ga baƙin mai da filta da ruwan sanyaya inji, ga lagireton da ya kashe injin farko yana nan yana jiran na biyu, ga gyara lambar inji a takardu, ga makonnin da za a yi ana jeka-ka-dawo a gareji ana rufe shago. Wanda ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan duk abin da bakanike ya faɗa bai yi ganganci ba, kuma da wannan ƙari ribar ta koma asara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Masu cewa ai wasu sun ci riba

Gaskiya ne. Akwai masu sayen motoci masu ciwo su gyara su sayar, kuma da shi suke ciyar da iyali. Amma a duba su waye: makanikai ne ko abokan makanikai, aikin hannu kyauta yake gare su, sun san wanda za su kira a Ƙofar Ruwa, kuma idan ɗaya ta ci su, ta gaba za ta mayar. Matashin da ke sayen motarsa ta farko da duk abin da ya mallaka harsashi ɗaya gare shi.

Wasu za su ce duk wannan bincike zai sa wani ya riga shi. Zai iya yiwuwa. Dillali ma zai ce akwai wani Alhaji daga Zango da ke kan hanya da kuɗi a hannu. Asarar motar da ba a saya ba ɓacin ran kwana biyu ne. Asarar wadda aka saya ta kwanta a ƙofar gida, yara suna wasan ɓuya a cikinta, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta, takan ɗauki shekara. Wanda kuɗinsa bai kai na lafiyayya ba yana da wasu ƙofofi: ƙaramar mota mai tsohon fenti amma lafiyayyen inji, ko babur sabo dal, ko ya ƙara wata shida a adashi. Fenti ba ya tsayar da mota a tsakanin Daura da Ɗambatta da tsakar rana.

Idan komai ya fito daidai aka yi ciniki, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a ambaci ciwon da aka sani da sunansa, a biya ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na takardu, a ajiye bidiyon ranar dubawa da hoton abin da manhaja ta nuna. Mai sayarwa na kirki ba zai ƙi wannan ba, domin addini da al'ada duk sun ɗora masa bayyana aibin kayansa.

Gwaji mafi sauƙi kuwa ba ya buƙatar sikana, saƙo ɗaya ne a WhatsApp: "Ranka ya daɗe, gobe bayan asuba za a zo da bakanike da na'ura, don Allah kada a tayar da ita kafin a iso." Mai lafiyayyar niyya zai ce Allah ya kai mu. Wanda ya fara kawo uzuri, ko ya ce sai an ajiye kafin alƙalami tukuna, ya riga ya faɗi sunan ciwon, ko da bai furta ba. A nan matashi zai mayar da wayarsa aljihu, kuɗinsa na nan a asusunsa, ya je kallon hawan Sallar Gani a kan babur ɗinsa kamar bara.